Akun da Aka Kora daga Durun

Ikom,
14 ga Agusta, 2000

Zuwa ga taubashina Malam Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Ikilima da yara. Yaya ƙafar Kawu? Yaya damina, yaya kuma fama da 'ya'yan mutane a makaranta? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidan yana gaishe ka, kasuwar goro ga ta nan dai, ba yabo ba fallasa. Ni kuwa aikin asibiti ya sa ni gaba, sai ka ce matan garin nan sun haɗa baki su haihu a wata guda.

Direban da zai ba ka takardar nan zai miƙa maka keji lulluɓe da tsohon zane. Kada ka firgita ka zubar da girmanka a tasha, aku ne. Wani mutumin ƙauye da na karɓi haihuwar matarsa ya kawo min shi tukuici. Ƙarami ne, bai fara magana ba, an ce yanzu ne lokacin koya masa.

Na Inna ne. Duk wanda ya zo daga gida sai ya ce min tun rasuwar Baba ta rage magana. Ƙanena Uwaisu yana gona, matarsa tana sashenta da hidimar yara, ita kuma ta wuni daga ita sai awaki. Abin yana damuna. Ka daure ka kai mata shi Durun. Kai ne malami, kuma dama surutu ne sana'arka tun muna yara, ka koya masa ko da sallama ce da sannu da gida, ta samu abin da zai riƙa tanka mata.

Yana cin gyaɗa da ɗanyar masara da gwanda. Kada a ba shi abu mai gishiri. In magariba ta yi a rufe kejin, ɗan kurmi ne, ba ya son sanyi.

Ba sai ka yi mata dogon bayani ba, ka ajiye kawai. Ka san Inna da abin da ya fito daga hannuna.

Taubashiyarka,
Badi'a

Gwarzo,
9 ga Satumba, 2000

Zuwa ga Badi'a, uwar 'yan aike,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, baƙonki ma ya iso da ransa da lafiyarsa da jar wutsiyarsa. Muna lafiya, Baba ya ji sauƙin ƙafa har yana zuwa masallaci da kansa. Ikilima tana gaishe ki. Gero ya yi kyau bana, in Allah ya kai mu kaka za a ɗan numfasa, don tun da aka ƙara kuɗin mai komai ya tashi, har alli sai mun karya biyu a makaranta.

Ke dai ba ki taɓa aiko min da turare ba, sai wahala. Na ɗaure kejin a bayan babur, na shiga Durun yara na bina kamar na zo da kura. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Me 'yar Dugabau take nufi da aiko min da bakin ci a wannan tsadar?" Amma kafin in gama shan fura ta sa Uwaisu ya kafa ƙusa a rumfar ƙofar ɗakinta, an rataye shi a inuwa.

Duk Asabar nake zuwa in ba shi darasi. Wata abokiyar aikina, Malama Anastasia, 'yar Filato ce, mahaifinta ya taɓa kiwon aku. Ta ce in riƙa maimaita kalma ɗaya, kada in haɗa masa biyu, kada in yi masa tsawa, in ya yi wani ɗan motsi da baki in ba shi gyaɗa. Haka nake yi. In durƙusa gaban keji da gemuna ina "salamu alaikum, salamu alaikum," shi kuma ya karkace kai ya zuba min ido ɗaya, irin kallon da sufeton makarantu yake yi min.

Ga sakamakon jarrabawa. Ya iya kukan akuya, har uwar garken tana amsa masa. Ya iya ƙarar ƙyauren zaure. Ya iya tarin Gwaggo. Ya kuma iya kukan babur ɗina lokacin da ya ƙi tashi, wannan kam da gangan ya koya. Sallama kuwa ko harafi.

Kin san tun da aka ƙaddamar da Shari'a duk wanda ya tara gashi uku a haɓa ya zama mai fatawa. Wasu samari suka ce kulle tsuntsu haramun ne. Muka je wurin liman, ya ce in dai ana ba shi ci da sha, ba a azabtar da shi, babu laifi. Wani ya ce to in ya yi sallama wajibi ne a amsa? Liman ya yi dariya ya ce a bari ya yi tukuna.

Naki,
Nata'ala

Ikom,
1 ga Oktoba, 2000

Malam Nata'ala,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na yi murna da sauƙin Kawu, Allah ya ƙara afuwa. Na karanta wa Maigidan labarin babur, ya yi dariya har ya ƙware. Ashe akwai ɗalibin da ya fi ƙarfinka.

Yau dai ba wasa ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka san tun rikicin farkon shekarar nan Hausawa da yawa suka tattara suka koma gida. Yanzu ƙura ta lafa, kuma wani ya yi wa Maigidan tayin fili. Maigidan ya ce abu biyu ne: ko ya yi gini mu zauna nan gaba ɗaya, ko mu kwashe mu dawo Gwarzo ya buɗe rumfar goro, ni kuma in nemi aiki a can. Ya bar min zaɓi, ya ce shi iyayensa sun rasu, ni ce mai uwa a raye. Mai filin yana son amsa kafin Babbar Sallah.

Nata'ala, ina son dawowa. Abin da ban sani ba shi ne ko ana son in dawo.

Ka ce min ta ce 'yar Dugabau. Ga ni na fara furfura, har yau sunana ke nan a bakinta, ko kuma "waccan". Kada ka yi min wa'azi, na san al'ada ce. Ni ce 'yar fari, ba a kiran sunana, ba a yi min wasa, ana yaye ni aka miƙa wa kakata a Dugabau. Kaina ya san wannan sarai, zuciyata ce ta ƙi ganewa. In na zo hutu ina ji tana ƙwala wa Uwaisu kira, tana tsokanar autarmu Halima Sa'adiya, ni kuwa in na shigo sai ta sami abin yi a madafa. Na karɓi haihuwar 'ya'yan fari ba iyaka a garin nan, ina ganin yadda uwa take rungume ɗanta a gaban kowa tana kiran sunansa. Wani lokaci sai in fita waje in share ido. Ta yaya mutum zai bambance kunya da rashin so, in duka biyun fuskarsu ɗaya?

Abu biyu nake roƙonka. Ka tambaye ta a cikin hira ko tana ganin mu dawo. Sannan ka bar sallamar nan, ka koya wa akun sunana. Ko da bakin tsuntsu ne, ina son a ji sunan nan a tsakar gidanmu. Ka lura da fuskarta in ya faɗa, ka rubuto min gaskiya, kada ka shafa mata mai.

Badi'a

Gwarzo,
18 ga Nuwamba, 2000

'Yar'uwata Badi'a,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, an yi kaka lafiya, dawa ce kawai ba ta yi yadda aka so ba. Ki gafarce ni da jinkiri. Motocin kurmi sun yi wuya saboda layin mai, ni ma kuma na yi ta juya yadda zan rubuta miki wannan.

Kin ce gaskiya kike so. Na tambayi Gwaggo zancen dawowarku tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ta bi mijinta inda arzikinsu yake. Kada ta tayar da zamanta saboda ni, ni me na rasa?" Na jira ko za ta ƙara, sai ta ce in miƙo mata faifai.

Zancen suna kuma na yi yadda kika ce. Ranar da na fara cewa "Badi'a, Badi'a" a gaban keji, sai ta tashi ta shige ɗaki. Sati na biyu ta ce, "Kai Nata'ala, ba ka da aikin yi ne a Gwarzon?" Na yi kamar ban ji ba na ci gaba.

Ran Talatar da ta wuce ina dawowa daga makaranta na tarar da Uwaisu a ƙofar gidana da keji a bayan keke. Ya ce Gwaggo ta ce a kawo min kayana, ba ta son sake ganinsa. Abin da ya faru, mata sun taru a tsakar gida ana tsinkar gyaɗa, sai akun ya buɗe baki ya kira sunanki a gaban kowa. Mata suka kwashe da dariya har da guɗa, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da suka watse. Uwaisu ba ya wurin, iya abin da ya jiyo ke nan. Ya tambayi matarsa yadda aka yi, ta ce ita bakinta ba zai iya maimaita abin da ya shafi surukarta ba.

To ga shi, ɗalibina ya ci jarrabawa an kore shi daga makaranta. Na so in yi miki wasa da abin, amma wasan ya ƙi fitowa. Yana nan a rumfata, tun da ya zo ko kukan akuyar bai yi ba.

Kada ki yanke hukunci cikin fushi. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Nata'ala

Ikom,
12 ga Disamba, 2000

Malam Nata'ala,

Barka da shan ruwa, ina fata kuna azumi lafiya. Mu ma lafiya.

Na gode da ba ka ɓoye min ba. Ba fushi nake ba, wallahi, gajiya ce. Na karanta takardarka sau da yawa ina neman inda zan riƙe, ban samu ba. Ta ce me ta rasa. Sunana ya fito sau ɗaya daga bakin tsuntsu a gidan da aka haife ni, aka ɗaure mai faɗarsa a bayan keke. In tsuntsu bai sami wurin zama ba saboda ni, ina ga ni kaina?

Na faɗa wa Maigidan ya karɓi filin. Mai shi ya tafi garinsu bikin Kirsimeti, in ya dawo za su ƙarasa magana. Zan ci gaba da yi mata aike kamar yadda na saba, haƙƙinta ne, Allah ya ba ni ikon saukewa. Amma ba zan zo in zauna kusa da ita ina tilasta mata shigewa ɗaki a gidanta ba.

Akun ka ba Malama Anastasia in tana so, ko duk wanda zai kula da shi. Ka yafe min wahalar da na ba ka.

Badi'a

Gwarzo,
7 ga Janairu, 2001

Badi'a,

Lafiya muke, an yi Sallah lafiya, sauran gaisuwar ki biyo ni bashi. Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki karanta wannan, in kuma maigidanki bai riga ya sa hannu a zancen filin nan ba, ki riƙe masa riga.

Ban bayar da akun ba, don babu mai karɓarsa a yadda ya koma. Ya daina ci sai kaɗan, ya dinga fizge gashin ƙirjinsa har fata ta bayyana. Malama Anastasia ta zo ta duba shi ta ce ba ciwo ba ne, kewa ce, akwai wanda ya saba da shi. Na ce ai ni ne malaminsa, ga ni kuma kullum a gabansa. Ta dube ni kawai ta yi murmushi, irin na wanda ba ya son ya kunyata mutum a gidansa.

Jiya da hantsi ina ɗaki ina duba littattafan yara, Ikilima ta ɓare gyaɗa ta miƙa masa a tafin hannu. Sai na ji muryar Gwaggo a tsakar gidana. Wallahi har na miƙe ina neman hula in fito gaishe ta. Muryarta sak, ƙasa-ƙasa, yadda take yi in ba ta son a ji. Ga abin da ya ce, na rubuta shi nan take don kada in ƙara ko in rage:

"Badi'atu. Badi'atu, zo ki ci. Kin rame, 'yar nan. Ci mana."

Sai ɗan tarin nan nata. Sai kuma, "Allah ya tsare min ke."

Ikilima ta zubar da gyaɗar ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni ma dai wani abu ya faɗa min a ido, kada ki tambaye ni.

Kin gane ko sai na yi miki darasi? Ni Badi'a nake ce masa, da wannan muryar tawa mai kama da ta mai tallan maganin gargajiya. Ban taɓa cewa Badi'atu ba, ban taɓa ce masa ya ci ba. Duk Asabar ɗin da na ƙona mai na je Durun, ko kalma ɗaya tawa bai ɗauka ba. Ashe in gida ya yi shiru, ita take zama ta ba shi abinci a hannu, sunanki ta sa masa, da ke take hira. Abin da ya faɗa a gaban matan tsinkar gyaɗa ke nan, da muryarta. Ba sunanki ta kora ba, asirinta ya tona a gaban ƙawayenta da surukarta. Ke kin san Gwaggo, da a ce tana son 'yar fari a bainar jama'a gara a ce ta saci akuya.

Ban tsaya nan ba, da la'asar na hau babur na je Durun, ban ce mata komai ba. Mun gaisa, mun yi zancen sanyi, mun yi zancen tsadar kanwa. Ƙusar tana nan a rumfa, ba a rataya komai a jiki ba. Da na tashi tafiya har na kai zaure sai ta ce, "Wannan abin, yana dai cin abinci ko?" Na ce yana taɓawa. Ta ce, "Ba ya cin gyaɗa da ɓawo, sai an ɓare masa. Kuma in za a ba shi a riƙa yi masa magana." Na ce wace irin magana, Gwaggo? Ta ce in tafi kada dare ya yi min.

Maganar da ta ce ki bi mijinki, yanzu na sake auna ta. Wace uwa ce a Durun za ta buɗe baki ta ce 'yar fari ta baro aikinta da arzikin mijinta ta dawo mata? Ni ne sakaran da ya tambaya, ke ce sakaryar da ta aike ni.

Na ba direban takardar nan na ce ko bai sauke kaya ba ya fara kawo miki. Allah ya sa ban makara ba.

Taubashinki, malamin da aku ya kayar,
Nata'ala

Ikom,
2 ga Fabrairu, 2001

Zuwa ga ɗan'uwana Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Ikilima, ka ce mata na gode da kukan da ta taya ni tun kafin in fara nawa. A gaida Kawu da yara. Mu lafiya lau, rabon da in ce lafiya lau da gaske har na manta.

Saura ƙiris ka makara. Motar ta lalace a hanya, takardar ta iso Maigidan ya riga ya ba mai filin baki, an sa ranar kiran shaidu. Na ba shi ya karanta da kansa, don ni na kasa. Yana gamawa ya sa takalmi ya je ya ba mutumin haƙuri. Na miƙa takardar barin aiki. In Allah ya so da mu za a yi Babbar Sallah a gida, ka fara nema mana haya a Gwarzo, ko ɗaki biyu ne, ta ɓangaren hanyar Kabo don mu yi kusa da Durun.

Akwai abin da ba ka sani ba. Rabona da Inna tun zaman makokin Baba. Lokacin ban daɗe da tashi daga taifot ba, duk na zube, zanena har zamewa yake. Na yi kwanakina a gidan ba ta ɗaga kai ta dube ni ba ko sau ɗaya, ni dai haka na gani. Kullum Halima Sa'adiya take kawo min tuwo, man shanu har ya kwanta a saman miya, ga nama an tura ƙarƙashi. Na yi ta yi wa yarinyar nan godiya, tana sunkuyar da kai. Na koma Ikom ina cewa uwata ko ganina ba ta yi ba. Ashe ta gani, kuma tun ranar a rame nake a idonta.

Ka mayar mata da tsuntsunta gobe-goben nan. Ka ce ya ƙi ci a gidanka, ka rasa yadda za ka yi, ka roƙe ta ta taimake ka. Kada ka nuna ka ji komai, kada ka ce na sani, kuma in ka kuskura ka tsokane ta da zancen nan ni da kai ne. Darasin Asabar ma na sallame ka, ka huta.

Ranar da na zo zan durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta. Za ta kalli gefe ta ce an zo lafiya, in ce lafiya lau, ta tashi ta shige madafa. Ba zan nemi ta kira ni ba. Yanzu na yi ƙiba har ana yi min tsiya a asibiti, amma kada ka faɗa mata. Duk abin da ta turo min a kwano, sai na cinye.

Taku mai zuwa,
Badi'atu